Harsashin da Ya Ƙi Shiga

An shafa fatihar suna a gidan wani ɗan'uwa a Houston, muna zaune a bayan gida ana zagayawa da shayi, sai wani saurayi, ɗan aminina, haifaffen nan Amurka, ya matso ya durƙusa kusa da ni ya miƙo mini wayarsa. Hotunan bindigogi biyu ne, duka samfurin AR-15. Ya ce, "Kawu, na tara kuɗi. Wannan ta fi araha, amma ba ta da fowad-asis, abokaina kuma sun ce kada in kuskura in saye ta. Dole ne sai da shi?" Na ce masa ba dole ba ne. Ana haka aka kira la'asar, muka tashi, magana ta yanke. Tun daga ranar abin ke cina a rai. Gaskiya na gaya masa, sai dai guntuwar gaskiya ce, kuma ban saba barin yaro da guntuwar amsa a kan abin da ke iya kashe mutum ba.

Don haka takardar nan taku ce, ƙannena da 'ya'yana, maza da mata, da ke zaune a ƙasar da doka ta yarje wa farar hula ya mallaki irin wannan bindiga. Mai karantawa daga Kano ko Gusau ya san cewa a gida lamarin daban ne. Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta tsuke ƙofar, abin da farar hula ke iya samun lasisinsa a aikace bai wuce bindigar farauta da ta toka ba. Shi ya karanta don sani kawai.

Bindiga mai ɗura kanta, irin AR-15 ta farar hula, ita ce wadda in ka ja kunama sau ɗaya, harsashi ɗaya ne zai fita, sannan ita da kanta ta tofar da kwanson da ya ƙone, ta ɗauko sabo ta ɗura, ta tsaya jiran ka sake ja. Ba ta ɓarin wuta irin ta soja. A cikinta akwai wani ƙarfe mai kai da komo, ni sakata nake ce masa, don aikinsa ke nan, irin na sakatar ƙofa. Wani ƙarfen da ya fi ta girma ne ke goye da ita, mu ce masa uwar sakata. In aka yi harbi, wani kaso na hayaƙin albarushi yakan bi ta wata 'yar huda a jikin bututun bindiga, ya biyo siririn tiyo ya dawo baya, ya hankaɗa uwar sakata. Tana ja da baya sai ta fizgo kwanso ta watso shi ta taga, ta danne sifirin da ke cikin gindin bindiga. Sifirin ya maido ta gaba da ƙarfi, ta tsinto sabon harsashi daga gidan harsasai, wato magazin, ta cusa shi a makwancinsa, sannan sakata ta murɗa, haƙoranta bakwai su sarƙe da na gindin bututu. Sai an yi wannan kullewar bindiga ke tashi. In da sauran ƙiris ta kulle, ka ja kunama, ƙas kawai za ka ji.

To ga inda maganar take. A bindigar AK-47, wadda kowa a gida ya san kamanninta, hannun da ake ja a ɗana bindiga a jikin uwar sakata yake, tare suke tafiya su dawo. In sakata ta tsaya a hanya, sai mutum ya doki hannun da tafinsa ta ƙarasa. A AR-15 kuwa hannun ɗanawa baya kawai yake ja. Ka ja ka saki, ya koma mazauninsa ya kwanta, ba shi da ikon tura komai gaba. Shi ya sa aka ƙara wani maɓalli a gefen dama, bayan tagar da kwanso ke fita. In ka danna shi, wani ɗan ƙarfe a ciki ya kama tsagogin da aka yi a jikin uwar sakata ya tura ta gaba. Shi ne fowad-asis ɗin da yaron ke tambaya, ni kuma zan riƙa ce masa maɓallin turi.

Wanda ya ƙirƙiro tsarin bindigar bai sa shi ba. Eugene Stoner ne ya zana AR-10 a kamfanin ArmaLite a tsakiyar shekarun 1950, daga baya Jim Sullivan da Robert Fremont suka rage mata girma ta zama AR-15, a 1959 kuma ArmaLite ya sayar wa kamfanin Colt haƙƙin ƙera ta. Haruffan A da R ɗin ma daga sunan ArmaLite suke. Rundunar sojan sama ta Amurka, da goyon bayan Janar Curtis LeMay, ita ta fara ƙwallafa rai a kanta, kuma yadda take ta karɓe ta, gefenta sumul. Sojan ƙasa ne suka kafe sai an ƙara maɓalli. Sun taso ne a kan M1 Garand da M14, bindigogin da ake iya dukan hannunsu a rufe sakata, don haka a ganinsu ba a miƙa wa soja bindigar da ba zai iya rufe ta da hannunsa ba. Stoner bai yarda ba. Sojan sama ma suka ce a cikin shekaru uku na gwaji da aiki da ita ba su ga matsala ko ɗaya da irin wannan maɓalli zai warware ba, kuma cusa harsashin da ya ƙi shiga na iya ƙara dagula lamari. Da aka kasa sasantawa, sai odar da aka bayar a watan Nuwamba na 1963 ta rabu biyu: guda 85,000 masu maɓalli na sojan ƙasa, da sunan XM16E1, da guda 19,000 marasa shi na sojan sama, da sunan M16. Mai maɓallin ce aka tabbatar da ita a 1967 a matsayin M16A1. Ta farar hula da Colt ya fito da ita a 1964, wadda ake kira SP1, ba ta da shi, kuma an yi shekaru ana sayar da ita a haka.

Sai yaƙin Biyetnam ya zo ya gwada kowa. Bindigar ta riƙa cijewa a hannun samari a tsakiyar faɗa, musamman a gumurzun da sojan kundumbala na ruwa suka yi a tuddan da ke kusa da Khe Sanh a watannin Afrilu da Mayu na 1967. Wasiƙun da suka rubuto gida suka tayar da hankalin jama'a, har Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Richard Ichord na jihar Missouri, wanda ya fitar da rahotonsa a watan Oktoba na shekarar. Abin da aka gano yana da ban takaici. An canza albarushin da aka tsara bindigar a kansa, samfurin IMR na kamfanin DuPont, aka koma wani mai ƙwayoyi zagayayyu na kamfanin Olin, wanda ya fi barin dauɗa, ya kuma sa bindigar gudu fiye da ƙima. Ba a shafe makwancin harsashi da ƙarfen kurom ba, ga ƙasar damina ce da laima, sai tsatsa ta ci shi. An raba bindigar babu isassun kayan goge ta, har wasu sun ɗauka wai ita ke wanke kanta. Babbar cutar kuwa ita ce kwanson da ya riga ya ƙone ya maƙale a ciki ya ƙi fita, sai soja ya zura sandar gogewa ta bakin bindiga ya bugo shi, ana harbinsa. Ku duba da kyau, maɓallin turi gaba yake turawa, abin da ya kashe yaran nan kuwa abu ne da ya ƙi komowa baya. Maɓallin yana nan a jikin bindigoginsu, bai yi musu maganin komai ba. Abin da ya yi magani shi ne shafen kurom, da gyaran nauyin da ke gaban sifirin don a rage gudu, da raba burushi da mai, da koyar da sojoji shara. Har ɗan littafin zane aka buga musu a 1968, aikin mai zane Will Eisner, don su karanta su kula da bindigarsu. Wanda yake son cikakken labarin ya nemi dogon rubutun da James Fallows ya yi a mujallar The Atlantic a 1981.

Na daɗe a kan tarihin nan ne saboda abokan yaron suna ganin duk abin da ke jikin bindigar soja wajibi ne. Ga shi kuwa sojojin kansu sun yi ta gardama a kai, kuma Stoner, da ya koma aiki da kamfanin Knight's Armament a ƙarshen rayuwarsa ya fitar da SR-25, bai sa mata maɓallin ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Sifirin bindigar nan an auna ƙarfinsa ne daidai yadda zai rufe sakata a kan lafiyayyen harsashi a cikin tsaftataccen makwanci. Duk ranar da ya kasa, akwai dalili. Wataƙila dauɗar albarushi ta taru ta bushe, ko uwar sakata ta yi ƙamas babu mai. Wataƙila harsashin ne ya loɓa ko ya lanƙwashe, ko kuwa irin wanda wani ya sake ɗurawa a garejinsa ne bai daidaita awonsa ba. Leɓen magazin na iya tanƙwarewa. Guntun tagulla daga kwanson baya na iya faɗawa tsakanin haƙoran sakata. Akan kuma samu, ko da yake ba kasafai ba, harsashin baya ya fita da rauni, kansa ya tsaya a cikin bututu daf da makwanci, ya tare wa na bayansa hanya. A cikin duk waɗannan, nawa ne turi da ƙarfi zai gyara? In dauɗa ce kaɗan, yana iya rufewa ka samu harbi ɗaya, na gaba ya sake cijewa. In loɓaɓɓen harsashi ne, ka dasa shi ke nan, bai shiga ya kulle ba, bai kuma fitowa. Ƙugiyar da ke fizgo kwanso ta yage masa baki, ka tashi da ɗanyen harsashi a maƙale cikin bindiga, abin da ba mai taɓa shi sai maƙerin bindiga. Matsalar daƙiƙa biyar ta zama ta mako guda. In kuwa wani abu ne a cikin bututu, to Allah ya kiyaye.

Ina yaro, akwai wani tsohon maharbi a unguwarmu mai bindigar toka. In zai ɗura, yakan fara zura sandar ɗuri a cikin bututu, ya auna abin da ya rage a waje da yatsunsa. Na taɓa ganin sandar ta tsaya sama da inda ta saba, sai ya ajiye gorar albarushinsa gefe, ya zauna ya yi ta fama har ya zaƙulo tsohon ɗurin da aka manta a ciki. Bai san sunan ƙarfen da aka yi bututun da shi ba, bai kuma taɓa karanta littafin bindiga ba, amma ya san cewa in sanda ta ƙi sauka, ba a ƙara mata ƙarfi. Na ga masu digiri a filin koyon harbi a nan da ba su kai shi wannan sanin ba.

Akwai haɗari guda da nake so ku riƙe da kyau, don na zamaninku ne, sojan 1967 bai san shi ba. Yawancin AR-15 suna cin harsashi mai lamba .223 ko 5.56. A 2011 aka amince da wani sabo a kasuwa mai suna .300 Blackout. Gindin kwansonsa ɗaya ne da na .223, magazin ɗaya suke shiga, sakata ɗaya ke kama su, bututu ne kawai ya bambanta. Kaurin kansa inci .308 ne, ramin bututun .223 kuwa na kai mai inci .224 ne. In mutum yana da duka biyun, ko abokinsa ya zo da nasa suka baje kaya a tebur ɗaya, ƙwaya ɗaya na iya ɓuya a cikin magazin da ba nata ba. Wani lokaci sakata takan tsaya, ta ƙi rufewa. Wannan tsayawar rahama ce. Wanda ya saba kai babban yatsa kan maɓalli ba tare da tunani ba, sai ya doka, kan harsashin ya nutse cikin kwansonsa, sakata ta kulle, ya ja kunama. Matsin da lafiyayyen harsashin .223 ke haifarwa yana kaiwa fam 55,000 a kan kowane murabba'in inci, tayar motarka kuwa fam 32 ko 35 ake ba ta. Wannan lissafin na harsashin da ya samu hanyar fita ne. Wanda bai samu ba, sai ƙarfin ya nemi hanya ta wani wurin, kuma wurin yana tazarar yatsu kaɗan daga idonka. A wani filin harbi da nake zuwa sun rataye ragowar irin wannan bindiga a bango kusa da inda ake rajista, saman ta a tsage kamar an fasa rake, ƙasan magazin ya fice. Duk sabon zuwa sai na kai shi ya tsaya gabanta.

Kada ku ɗauka maɓallin ba shi da rana ko kaɗan. Soja yana rarrafe cikin laka da rairayi, yana iya yin kwanaki bai samu zama ya share bindiga ba, kuma akwai lokacin da harbi ɗaya a yanzu ya fi masa lafiyar bindigar gaba ɗaya. Shi ya sa M4 da ke hannun sojan Amurka har yau take da shi, kuma a cikin matakan gaggawa da aka daɗe ana koya musu in bindiga ta cije akwai ɗan taɓa shi. Amma ku lura da wurin da ya zo a jerin: sai an ja hannun ɗanawa, an ga abin da ya fito, an leƙa makwanci, an saki, sannan a taɓa shi. Ko a wurin soja ma dubawa ce gaba da turi. Na biyu, mutum yakan ɗan ja hannun ɗanawa kaɗan don ya leƙa ya tabbatar akwai harsashi a ciki. Tunda bai ja har ƙarshe ba, sifirin bai samu gudun da zai kulle ba, sai a ƙarasa da maɓalli. Na uku shi ne maharbin barewa da ya isa maɓoyarsa da asuba, ba ya son ƙarar sakata ta kori dabba, sai ya raka hannun a hankali, ya ƙarasa da ɗan turi. A waɗannan biyun na ƙarshe mutum ya san dalilin da ya sa ba ta rufe ba, don shi ya jawo. Kuma ko babu maɓalli, akwai wani ɗan kwari a jikin uwar sakata da ake gani ta taga, babban yatsa na iya tura ta daga nan, in dai bindigar ba ta yi zafi ba. Yatsa yana da wata fa'ida da maɓalli ba shi da ita, ƙarfinsa ya isa ya ƙarasa rufe lafiyayyen harsashi, bai isa ya cusa gurɓatacce ba.

Sabon shiga kuma shi ke jawo wa kansa rabin cijewar da yake gani. Tsoron ƙarar yakan sa ya riƙe hannun ɗanawa ya raka shi gaba sannu a hankali, kamar mai rufe ƙofar ɗakin da jariri ke barci. Ja shi har ƙarshe, ka sake shi gaba ɗaya, ka bar sifirin ya yi aikinsa. Bindigar ba za ta ji ciwo ba, don haka aka yi ta.

To wacce za a saya? In wadda ta yi maka, mai ingancin bututu da sakata, daga kamfanin da aka sani, ta zo da maɓalli, saye ta, ka bar shi a wurinsa, ba ya ci ba ya sha. In ba ta zo da shi ba, kada wannan ya hana ka. Kamfanin Smith & Wesson ya fitar da M&P15 Sport a 2011 babu maɓalli babu murfin taga, don farashi ya sauko, mutane da yawa suka saya suka yi ta harbi lafiya. A 2016 ya fito da Sport II ya mayar da su, saboda masu saye suna son ganin tasu ta yi kama da ta soja. Kasuwa ce ta nema. In da za a ba ni zaɓi tsakanin maɓallin da murfin taga, murfin zan ɗauka, don shi yana hana ƙura shiga tun farko. Kuma in za ku ji tawa har ƙarshe, bindigar farko ba sai ta zama AR-15 ba. Ƙaramar .22 irin Ruger 10/22, wadda ake ƙerawa tun 1964, ita ma mai ɗura kanta ce, harsashinta ya fi araha nesa ba kusa ba, ba ta dukan kafaɗa, ba ta da rugugin da ke sa sabon shiga runtse ido. Wanda ya harba dubu biyu da ita a gaban malami ya fi wanda ya harba ɗari biyu da babba shi kaɗai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ranar sunan nan shi ne, yaron ya kwana yana karanta gardamar maɓalli, bai tambaye ni komai a kan doka ba. Shi haifaffen ƙasa ne, nasa da sauƙi, amma da yawa daga cikinku da bizar karatu kuka shigo. Dokar tarayya ta hana mai irin wannan biza ya riƙe bindiga ko harsashi, sai a wasu 'yan togaciya kamar mallakar lasisin farauta mai aiki. Mai takardar zama ta dindindin yana iya saye, amma laifin da ya shafi makami na cikin abubuwan da ake korar mutum daga ƙasar a kansu, ko ya shekara ashirin a nan. Ka ga lauyan shige da fice kafin ka ga mai kanti. Dokar tarayya ta 1968 ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun sayen doguwar bindiga daga dila mai lasisi, wasu jihohi kamar Florida da Kalifoniya sun ɗaga zuwa 21, kuma tun 2022 ana ƙara zurfafa bincike a kan duk mai saye da bai kai 21 ba. Abin da ya halatta a Texas na iya kai ka kurkuku a New York ko Illinois, inda aka haramta nau'o'in wannan bindiga da dama. Takardar da ake cikewa a kanti, mai lamba 4473, tana tambaya ko kana shan wiwi, tana kuma tambaya ko kai ne ainihin mai sayen. Ƙarya a kanta babban laifi ne. In wani ya ce maka, "Ɗan'uwa, saya mini da sunanka, takarduna ba su cika ba," ka ce masa a'a, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke.

Haka kuma in aka bugo waya daga gida aka ce a sako ɗaya a cikin motar da za ka aika, ko a cikin kwantenar kaya, wai don tsaron ƙauye. Na san zafin da ke bayan wannan roƙon, ni ma ina da 'yan'uwa a garuruwan da ba a kwana da ido biyu rufe. Amma fitar da makami daga Amurka ba lasisi laifi ne a nan, shigar da shi laifi ne a can, kuma a 2017 kaɗai hukumar kwastan ta Najeriya ta kama bindigogi 661 a wata kwantena a Legas a watan Janairu, ta sake kama 1,100 a watan Satumba. Wadda ta kuɓuce wa kwastan kuwa, kai da ka aika ba ka da iko a kan hannun da za ta ƙare a ciki. Zamfara da Katsina sun ga abin da ya ishe su.

Sai maganar ajiya, wadda ita ce ya kamata kuɗin da ka rage a kan maɓalli ya tafi wurinta. Alƙaluman hukumar lafiya ta CDC sun nuna mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka a 2021, kuma 26,328 daga cikinsu su suka kashe kansu. Fiye da rabi ke nan. Tun daga 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota a matsayin abin da ya fi kashe yara da matasa a ƙasar. Gidajenmu kuwa kun san su, ba a rufe ƙofa, yau suna gobe walima, 'ya'yan baƙi na shiga kowane ɗaki suna buɗe kowace durowa. Akwatin ƙarfe mai makulli za ka fara saye, ya iso gida kafin bindigar. A ajiye ta babu harsashi, harsasai a wani wurin daban, su ma a kulle. In kuma ka ji ƙuncin rai ya yi maka yawa, ko rigima ta yi tsanani tsakaninka da iyalinka, fitar da ita daga gidan ta hanyar da dokar jiharku ta yarda, har ƙura ta lafa. Babu abin kunya a cikin wannan. Ka kuma shiga ajin koyo na gaske, inda za a yi ta nanata maka ƙa'idojin nan huɗu da Jeff Cooper ya yaɗa har su zama jiki: ka ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗurarriya, kada bakinta ya kalli abin da ba ka yarda ya lalace ba, yatsa ya nisanci kunama sai ka saita, ka kuma san abin da kake hari da abin da ke bayansa.

Yaron dai mai maɓallin ya saya daga ƙarshe, don ya same ta a ragi. Ban ce masa komai ba. Wata Asabar na ɗauke shi muka tafi filin harbi, bayan mun kwana biyu ina nuna masa yadda ake kwance ta a goge a sa mai. Ya harba magazin biyu lafiya. A na uku ya ja kunama, sai ƙas. Na ga babban yatsansa ya tashi ya nufi maɓallin, ya tsaya a kansa. Ya waiwayo ya dube ni, bakin bindigar na kallon inda ake hari, ni kuwa na yi shiru. Sai ya janye yatsan, ya cire magazin, ya ja hannun ɗanawa har ƙarshe, harsashin ya faɗo kan tebur. Ya kulle sakata a baya, ya leƙa makwanci, ya ajiye bindigar, sannan ya ɗauki harsashin ya juya shi a hasken rana. A kafaɗar kwanson akwai loɓa kamar an taka shi da dutse. Ya ce, "Kawu, ga shi." Na nuna masa akwatin da ake jefa irinsu a ƙarshen layi, ya kai ya dawo, ya ɗura sabon magazin.